Yaron Sandaga da Ya Ƙi Yarda Shi Yaro Ne

A shekarun da aka rage albashi, aka sake ragewa, sannan kuɗin kansa ya faɗi, ni ina jami'a ina karatun shari'a. Mutanen unguwarmu ta New Bell a birnin Douala suna yi mini kallon wadda ba ta jin labarai. Gwamnati ta daina ɗaukar ma'aikata, kamfanoni suna sallamar nasu, yayyenmu da suka gama karatu suna bakin titi, wannan ya baza takalman gwanjo, wancan ya ari babur yana ɗaukar fasinja, sana'ar da muke ce wa bensikin. Babana ma an sallame shi daga kamfanin da ya daɗe yana wa aikin akawu a unguwar masu kuɗi ta Bonapriso. Amma bai fasa goge rigarsa kowace safiya ba. Zai sa ta, ya fito da kujera ƙofar gida, ya ɗora rediyo a cinya. Wanda ya gaishe shi da Faransanci ya amsa masa da Hausa, wanda ya gaishe shi da Hausa ya amsa masa da Faransanci, don dai a san bai manta ko ɗaya ba.

Mu uku ne muke tafiya tare a ajinmu. Akwai wani Bafulatani ɗan Garwa, siriri, mai son zama alƙali tun yana firamare. Hausarsa ba ta san mace ba; "kai" yake ce mini, "kai" yake ce wa mahaifiyata, kuma ba wanda ya taɓa jin haushi. Littafin dokokin hukunci kullum yana hammatarsa cikin leda saboda ruwan Douala. Akwai kuma ƙawata 'yar unguwar Bépanda, Kirista, gajera mai baki, wadda ta koyi Hausa wajen masu tsire da masu albasa, don haka ta iya ciniki ta iya zagi amma ba ta iya ta'aziyya ba. Ita burinta ta zama lauyar babban kamfani, ofis mai sanyi, mota da direba. Kafin hakan ta samu, gyaɗa mai sukari take sayar mana a aji. Ni ce ban san abin da nake so ba. Na shiga shari'a ne saboda a gida an ce ina da gardama.

A shekara ta uku aka ce kowa ya nemi ofishin lauya ya yi 'yan watanni yana koyon aiki. Muka yi kwalliya muka zaga manyan ofisoshin Bonapriso. Ko'ina sakatariya za ta dube mu ta ce maigida ya fita, alhali muna jin tarinsa a ciki. Daga ƙarshe wani malaminmu ya ji tausayinmu, ya tura mu wajen wata lauya da ofishinta ke saman shagon sayar da fenti, a bakin unguwarmu. Ya ce ita ba ta korar kowa, saboda ba wanda ke zuwa.

Dattijuwa ce 'yar bakin teku, doguwa, gashinta ya yi fari ta bar shi haka. Metir muke ce mata, kamar yadda ake ce wa kowane lauya a nan. Aikinta shi ne kare yaran da aka kama, waɗanda ba su da mai tsaya musu. Ranar farko ba ta tambaye mu makin jarrabawa ba. Ta ce da Faransanci, "Wa ya iya Hausa a cikinku?"

Duk muka ɗaga hannu.

"Fulatanci fa? Pidgin fa?"

Ɗan Garwa ya ɗaga, 'yar Bépanda ta ɗaga.

"To kun fi ni amfani," in ji ta. "Ni doka kawai na iya, yaran kuma ba da doka suke magana ba. Gobe ku zo da sassafe."

Aikin da ta ba mu ba shi ne muka zata ba. Ba mu ga kotu ba sai can gaba. Kowace safiya mukan zaga ofisoshin 'yan sanda, komisariya bayan komisariya, mu gaida mai gadi, mu tambaya ko akwai yara a ciki. In akwai, mu nemi izinin ganinsu, mu ba su burodi, mu ji daga ina suke, sannan mu bazama neman iyayensu. Yawancinsu ba wani babban laifi ba ne. Wannan an same shi yana barci a ƙarƙashin teburin kasuwa, wancan ya tsinci abin da mai shi bai gama yarwa ba. Ɗan Garwa ya so ya riƙa karanta wa 'yan sanda sassan doka daga cikin ledarsa, har wani kofur ya taɓa ba shi kujera ya ce ya ci gaba, muryarsa tana sa shi barci. 'Yar Bépanda kuwa ta gano cewa gyaɗarta tana buɗe ƙofar da littafin bai buɗe ba. Ni aikina tafinta da bin lungu. Da damina muka fara, lungunan New Bell sun cika da ruwa, muna tsallaka lambatu a kan katako, ina riƙe da mayafina da hannu ɗaya, ɗayan ina riƙe da ɗan Garwa don kada iska ta tafi da shi.

Baba bai ji daɗin wannan ofis ba. Ya ce, "Lauyar yara. To su yaran da me za su biya ki, da alewa?" Na ce koyo nake. Ya ce a koyi abin da za a ci. Ya ƙara muryar rediyonsa.

Wata safiya ina shirin fita sai ga tsohuwar da ke soya ƙosai a bakin lungunmu ta shigo gidanmu ba sallamar kirki. Iya muke ce mata duk unguwa. Ba ta zauna ba. Ta ce, "'Yar nan, an ce ke ce mai fito da yara. Sun kama mini jika a Sandaga."

Na san jikan nata, ko in ce na san shi da can. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, uban ya tafi neman kuɗi kudu bai dawo ba, Iya ce ta raine shi a gindin kaskonta. Na tuna shi yana ɗan firit yana miƙa wa mutane ƙosai a takarda. Tun da na shiga jami'a nake fita da asuba in dawo da magariba, ban ƙara lura da shi ba. Iya ta ce ya bar makaranta, yanzu dako yake a kasuwar Sandaga, wajen da manyan motoci ke sauke kayan gwari. Jiya faɗa ya tashi tsakanin 'yan dako da wani direban motar albasa, direban ya karye a hannu, aka tafi da jikanta.

"Shekarunsa nawa, Iya?"

"Sha biyar. Da azumin da ya wuce ya cika."

"Akwai takardar haihuwa?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko tana da jirgin ruwa. "A ɗakina aka haife shi," in ji ta.

Mu uku muka tafi komisariyar. Da aka buɗe ƙofa aka kira shi, sai da ya sunkuya kafin ya fito. Na ɗaga kai ina ta ɗagawa. Ya kere kofur ɗin da ya fito da shi nesa, kafaɗunsa kamar ƙofar shago, tafin hannunsa ya isa ya rufe fuskar ɗan Garwa gaba ɗaya. Sai fuskar ce kawai ta jaririn da na sani, zagayayya, ba ko gashi ɗaya a haɓa. Rigarsa duk jirwayen tumatir.

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, ina kwana."

Na tambaye shi abin da ya faru. Bai ɓoye komai ba. Direban ya zagi wani dattijo a cikinsu saboda ya saki buhu, har ya ɗaga masa hannu. Shi kuma kwandon ruɓaɓɓen tumatir ne kusa da shi, ya ɗauka ya kife wa direban a ka. Direban ya juyo zai kama shi, santsin tumatir ya kwashe shi, ya faɗi a kan hannunsa. 'Yar Bépanda ta juya ta kalli bango, kafaɗunta suna rawa.

Na ce, "To ka kwantar da hankalinka. Kai yaro ne, doka tana da hanyar da take bi da yara, ba za a haɗa ka da manya ba."

Ya ɗago. "Ni ba yaro ba ne, Yaya. Shekaruna ashirin da biyu."

Na yi dariya, na zata wasa yake. Bai yi ba. Kofur ya ce haka ya faɗa musu jiya, haka suka rubuta, kuma wa zai kalli wannan gangar jikin ya yi musu.

"Ni ce mai ashirin da biyu," na ce masa. "Na ci wainar sunanka. Yaushe ka kamo ni?"

"Ashirin da biyu," ya sake cewa, idonsa a ƙasa.

Muka koma ofis muka gaya wa Metir. Ta jingina a kujera ta ce a duk shekarunta na aiki ta saba ganin ƙatti masu gemu suna rantsuwa su yara ne, wannan ne karo na farko da ta ga an juya abin. Ta bayyana mana inda matsalar take. Wanda bai kai sha takwas ba, alƙali yana iya mayar da shi hannun danginsa da gargaɗi. In kuwa aka tafi a kan ashirin da biyu, kurkukun manya ne, kuma kafin ma a kira shari'ar yana iya yin watanni a can.

"Ni zan faɗa wa alƙali shekarunsa na gaskiya ko yana so ko ba ya so," in ji ta. "Amma ba na son in tsaya ina kare mutum yana bayana yana ƙaryata ni. Ku je ku gano me ya sa."

Ɗan Garwa ne ya fara gwadawa. Ya zauna da yaron ya buɗe littafi, ya fassara masa sashe bayan sashe da Hausarsa marar mace, har ya zana masa layi biyu a tafin hannu, hanyar yara da hanyar manya. Yaron ya saurara cikin ladabi, ya ce, "Na gode, Malam. Ta manyan zan bi." Washegari 'yar Bépanda ta ce a bar mata shi. Ta ba shi labarin kurkuku, wanda ta ji da wanda ta ƙirƙira a nan take, kuɗin cizo masu girman ƙwallon dabino da sauransu. Ya cinye gyaɗar da ta kawo masa, ya tambaya ko akwai saura.

Ni ban san me zan ce masa ba, don haka na tafi Sandaga. Na daɗe ban shiga ba. Motoci daga arewa sun yi layi, ana sauke albasa da tumatir da attarugu, ƙasa ta zama taɓo mai launi uku, masu tura amalanke suna ta faɗin a ba su hanya da harsuna kala-kala. Na tambayi sarkin 'yan dako, aka nuna mini wani dattijo Babarbare zaune a kan buhu yana cin goro. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa 'yar gidan waye ni, sannan na kawo maganar yaron.

"Yaron kirki," in ji shi. "Buhu biyu yake ɗauka inda wasu ke nishi da ɗaya. Kuma saboda tsoho ya yi faɗan, mun gani."

"Baba, kun san shekarunsa?"

"Ya ce ashirin da wani abu."

"Sha biyar ne."

Ya daina tauna goro. Ya kalli motocin ya ce, "In haka ne ba shi da wuri a nan." Ya ce da can suna ɗaukar yara, har wani ya faɗi ƙarƙashin buhu bayansa ya lalace, tun daga ranar suka yi wa junansu alkawari ba yaron da zai ƙara ɗora kaya a ƙungiyarsu. Ba zai karya wannan ba, ko don wa. Na fito daga kasuwar ina sane cewa da bakina na raba yaron da aikinsa tun kafin a je kotu.

A hanyar gida na tsaya wajen Iya. Ban taɓa lura ba sai ranar: kaskon ya ragu, ƙullun ɗan kaɗan ne a ƙasan roba. Tun da mai da wake suka yi tsada, masu saye kuma suka ragu, ƙosan ba ya riƙe gida. Ta ce jikan ne ke kawo wake, shi ke kawo mai, shi ke sayen maganin ƙafarta. Ta ce ta san dako yake, amma ba ta san ya ƙara wa kansa shekaru ba.

Na koma wajen yaron ni kaɗai. Kofur ya bar mu muka zauna a benci a tsakar komisariyar. Na ce masa na je Sandaga, na ga sarkinsu, na kuma faɗa masa gaskiya. Ya ɗago ya dube ni, idanunsa suka cika, ya juyar da kai.

"Wa ya aike ki, Yaya?"

"Ba kowa."

"Da kin bar ni. In na yi wata nawa ne na fito, aikina yana nan, 'yan uwana za su riƙa kai wa Iya abu kafin in fito, mun yi magana da su. Yanzu fa? In fito gobe in zauna in kalle ta?"

Ashe shi ma ya yi nasa lissafin, kuma ba lissafin wawa ba ne. Na ce masa dai kurkukun manya ba wajen da ake shiga a fito yadda aka shiga ba ne, kuma Iya ta fi son ganinsa a ɗaki da ganin wake. Ya ce ni ban taɓa kwana da yunwa ba. Na ce gaskiya ne. Sai kofur ya zo ya ce lokaci ya yi.

Da na ba su labari a ofis, 'yar Bépanda ce ta buga tebur. Ta ce kawunta yana da garejin gyaran babura a Bépanda, kuma tun da bensikin ya cika gari aiki ya fi ƙarfinsa, kullum kuka yake ba shi da mai ɗaga masa inji. Da yamma ta ja ni muka je. Kawun ya ce shi almajiran gareji ba ya biyansu, abinci kawai yake ba su. Ta tsaya a kansa da Pidgin, ta tuna masa duk alherin da mahaifiyarta ta taɓa yi masa tun daga yarinta, a gaban masu babura suna dariya, har ya yarda zai riƙa ba yaron ɗan abin da zai kai gida duk mako. Bai kai na dako ba, amma ba hannu wofi ba ne. Muka kai wa yaron labari. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce, "Na ji."

Saura shaida. Metir ta sa wani likita ya duba shi, ya kalli haƙoransa da gaɓoɓinsa, ya rubuta cewa jikin na babba ne amma ƙashin bai gama girma ba. Ta ce tana son kuma wanda ya halarci sunan, ban da kakarsa. Ni an ce na yi ƙanƙanta a lokacin, cin waina ba shaida ba ce. Muka nemo wanzamin da ya yi masa askin suna, tsoho mai fara'a, amma da muka gwada shi sai ya ce yaron ya kai talatin, da muka yi shiru ya ce ko goma, duk wanda muke so. Metir ta yi masa godiya ta raka shi har matakala.

Ina ba da wannan labari a gida muna cin abinci, sai Baba ya ce, ba tare da ya ɗago daga kwanonsa ba, "Ai ni na raɗa masa suna. Liman ya yi tafiya, uban ya roƙe ni." Ya ce shekarar ce aka ƙara masa girma a ofis, da sabuwar kwat ɗinsa ya je wajen sunan kafin ya wuce aiki, miya ta zube masa a hannun riga, bai manta ba.

Na ce, "Baba, za ka faɗi haka a kotu?"

Ya ce zai duba ko yana da lokaci.

Ranar shari'a tun da asuba na ji ƙamshin dutsen guga. Baba ya fito cikin wannan kwat ɗin, ta ɗan yi masa yawa yanzu, da laƙataye, da takalmi yana sheƙi, da jakar ofishinsa wadda na san ba komai a ciki sai jarida. Tun da aka sallame shi ban ga ya yi tafiya irin ta ranar ba. Mutanen lungu suna tambaya ko an mayar da shi aiki, yana cewa, "Kotu ke nemana." Iya tana biye da mu da sabon zane.

Alƙalin mutum ne mai tabarau da alamar gajiya. Aka fara da direban, hannunsa a ɗaure rataye a wuya. Ya ba da labarin tumatir dalla-dalla, har da yadda ruwan ya shiga kunnensa, alƙali ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Sannan Metir ta miƙe ta ce kafin a ci gaba akwai maganar shekaru. Ta miƙa bayanin likita. Aka kira Baba. Ya yi magana da Faransancin ofis, mai tsawo da lanƙwasa, ya faɗi shekarar, ya faɗi wanda ya yanka ragon, ya so ya shiga tarihin ƙarin girmansa, alƙali ya ce ya wadatar, an gode. Aka kira Iya, aka ce in yi mata tafinta. Wannan ne karo na farko da na buɗe baki a kotu. Ta ce a hannunta ya faɗo, kuma in tsawo ne ke sa shekaru, to kakansa ya mutu yana da ɗari biyu. Na fassara rabin farko kawai.

Alƙali ya juya wajen yaron. "Kai, shekarunka nawa?"

Na fassara masa duk da na san ya ji. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Metir ba ta waiwaye shi ba, amma na ga ta matse alƙalaminta. Ɗan Garwa ya rungume ledarsa. Alƙali ya ɗago ya dube shi.

Yaron ya ce a hankali, "Iya ta ce sha biyar."

"Kai kuma me ka ce?"

"Ba na musu da Iya."

Alƙali ya karɓa. Daga nan abin bai daɗe ba. An same shi da laifi, don ya yi, kuma Metir ba ta ce bai yi ba. Ta dai bayyana dalilin, ta kawo maganar garejin. Alƙali ya yi masa faɗa sosai, ya mayar da shi hannun kakarsa, ya ce wata ma'aikaciyar kula da yara za ta riƙa leƙa shi. Ya sa ya ba direban haƙuri a nan take. Yaron ya durƙusa, kuma ko a durƙushen kansa ya kusa kai kafaɗar direban. Maganar jinyar hannun kuwa sarkin 'yan dako ya riga ya sasanta ta a kasuwa, ƙungiyarsu ta ɗauka.

Na zata a ƙofar kotu yaron zai gode mini. Ya gaida Baba, ya gaida Metir, ya riƙe hannun Iya, ya wuce ni kamar ginshiƙi. Ya fara zuwa garejin, kawun ya ce hannunsa yana da kyau, sai dai in ya ɗaure noti ba mai iya kwancewa sai shi. Amma ni ya daina gaishe ni. In mun haɗu a lungu sai ya kalli sama, wanda a wajensa ba nisa. Abin ya dame ni, na kai ƙara wajen Metir. Ta ce, "Kin fito da shi, kin kuma raba shi da wajen da ake ce masa namiji. Duka biyun kin yi. Ki bar shi ya yi fushinsa." Sai da damina ta zagayo kafin wata safiya ya ce mini ina kwana, shi ma a gajarce.

Ranar da watannin koyon aikinmu suka ƙare, Metir ta kai mu cin gasasshen kifi a bakin titi, ta tambayi kowa inda ya nufa. Ɗan Garwa ya ce har yanzu alƙalanci, amma yanzu ya san in aka kawo masa mutum zai fara kallon fuska kafin kafaɗa. Ya zama alƙalin daga baya, a can arewa, kuma har yau in ya kira ni "kai" yake ce mini. 'Yar Bépanda ta ce ita ba ta ga abin da zai hana ta ofis mai sanyi ba, talauci bai burge ta ba ko kaɗan. Ta samu kuwa, bayan wahala, kuma ita ce nake fara kira in ina neman inda zan sa yaro koyon sana'a, don ba mai gareji ko tela a Douala da ba ya tsoron bakinta.

Da aka zo kaina na ce ni dai Litinin zan dawo.

Metir ta cire ƙaya daga bakinta. Ta ce ba ta da abin biyana na kirki, kuma in yi tunani. Na ce na yi. Ta ce to akwai matsala ɗaya, kujerun da muke zama a kai na mai fenti ne, aro ta yi saboda mu, kuma ya ce a mayar masa.

Ranar Litinin na ɗauki kujerar tsuguno ta ɗakin girkinmu, na ɗora a ka, na bi lungu da ita. Mahaifiyata ta biyo ni har ƙofar gida da ludayi a hannu tana tambayar a kan me za ta zauna ta tuƙa tuwo. Baba ya rage muryar rediyo ya ce a bar ni in tafi, kada in makara.